Cin abincin jajiberen biki a Makka da Jidda

Ranar biki ba a samun zama. Zaure ya cika, lasifika na tashi, maza suna sashensu mata suna nasu. Kawun amarya da ya taso takanas daga Kano zai yi musabaha da baffan ango haifaffen unguwar Misfala ta Makka, su rabu babu wanda ya san matsayin ɗan'uwansa. Wannan giɓin ne cin abincin jajibere yake cikewa: dangi na kusa daga ɓangarorin biyu su zauna a shimfiɗa ɗaya, a gabatar da kowa da sunansa, sannan a raba aikin gobe baki da baki. Mutanen Amurka suna da irinsa. Su sukan gwada yadda za a shiga da inda kowa zai tsaya wurin ɗaurin auren, daga nan a wuce cin abinci, kuma bisa al'adarsu iyayen ango ne ke biya. Mu ba mu da jerin gwanon da za a gwada, amma muna da waliyyi da wakili da shaidu, muna da masu kai amarya, muna da direbobin da ba su san hanya ba. Daren nasu ne, abincin kuwa don a tara su ake yinsa.

Abin da ya fi lalata wannan zama shi ne yawan jama'a. Da zarar an wuce mutum 60 ko 70 ya tashi daga zaman dangi ya koma biki na biyu, kuɗi ya ninka, maganar da aka taru dominta kuma ba za a yi ta ba. Mutum iri uku kaɗai ake gayyata: wanda yake da aiki a hannunsa gobe, wanda ya zo daga nesa, da dattawan da ba a yanke magana sai da su. Maƙwabta da abokan aiki da ƙawayen makaranta su jira gobe, katinsu na hannunsu. A rubuta sunaye a takarda, gida-gida, a ba uwar amarya da uwar ango kowace ta duba nata ɓangaren, domin su ne suka san gwaggon da idan aka manta da ita za a shekara ana ban haƙuri. A lura da dangin uwa da dangin uba kada wani ɓangare ya rinjayi wani ƙwarai, kuma gidan da akwai abokiyar zama a kira ta da bakin maigida, tun da wuri.

Manya ba a gayyatarsu da saƙon waya. A je gida, zumunta a ƙafa take, in kuma nisa ya hana a kira da murya: "Baffa, barka da dare. Ranar Laraba in sha Allahu bayan isha'i za mu zauna da surukai mu ci abinci, kuma ba za a zauna babu kai ba. Zan turo yaro ya ɗauke ka." WhatsApp amfaninsa ɗaya ne a nan, tura taswirar wurin ga direbobi. Kada a jefa sanarwar cikin babban zauren dangi mai mutum 200, don duk wanda ya gani ya ɗauka an gayyace shi, kuma da gaskiyarsa.

Sai rana. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a da Asabar ne, shi ya sa daren Juma'a, wato Alhamis da dare, ya zama daren da kowa ke rububin zauren biki. Idan bikin ya faɗo nan, cin abincin zai kama Laraba. Da alheri a ciki, istiraha, wato gidan taro da shaƙatawa na haya, ta fi araha a tsakiyar mako kuma ba a wahalar samunta. Sai dai washegari akwai aiki da makaranta, don haka dole a tashi da wuri. Idan mata sun riga sun sa daren lalle, wanda mutanen Hijaz ke kira gumra, a ranar Laraba, to a janyo cin abincin zuwa Talata. Haɗa su dare ɗaya ba ya yiwuwa: amarya na zaune hannu da ƙafa a ɗaure, ƙawaye na kiɗa, uwar amarya ta rabu biyu. Jan lalle ma sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna sosai, ba a yi asara ba idan an matsar da shi baya. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi kuwa yana ƙona fatar wasu har ta yi ƙuraje, a gwada shi a ɗan wuri kaɗan mako guda kafin biki.

Akwai watannin da sai an duba sau biyu. Idan hajji ya gabato ana hana shiga Makka sai da tasrihi, wato takardar izini, masu bizar umra kuma akwai ranar da hukuma ke sanarwa kowace shekara da dole su bar ƙasar kafinta. Wanda ya sa biki a Zulƙida ko farkon Zulhajji yana iya wayar gari rabin danginsa na Jidda ba su da ikon wuce shingen bincike. A irin wannan lokaci a yi zaman a Jidda. Shawwal kuwa watan aure ne, wurare da masu girki duk a cike suke, wanda bai kama wuri tun kafin azumi ba, sai dai ya ɗauki abin da ya rage. Tsakanin Makka da Jidda kusan kilomita 80 ne, awa guda a mota in hanya ta yi kyau. Baƙin Madina su hau jirgin ƙasa na Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, su iso da rana su huta, ya fi a ce sun yi tuƙin sama da kilomita 400 sun zauna cin abinci ido na rufewa.

Gidan da yake da falo biyu masu faɗi da ƙofa biyu ya isa mutum 30. Fiye da haka sai istiraha. A Jidda akwai su da yawa wajen Harazat da Hamdaniyya, a Makka kuma wajen Husainiyya da Shara'i. Kada a kama wuri da hoto. A je da ƙafa, da la'asar lokacin da rana ke dukan bango, a kunna kowace na'urar sanyaya ɗaki a bar ta minti 15. Wadda take ƙara ba ta sanyi za ta nuna kanta, kuma ɗakin da ya yi wa mutum 2 sanyi ba lallai ya yi wa mata 35 da yara da farantan shinkafa masu tururi ba. A buɗe famfo a kowane banɗaki, a tambayi mai gadi yaushe aka cika tanki, domin da yawa daga cikin wuraren nan motar ruwa ce ke kawo musu, kuma ruwan kan ɗauke ne daidai lokacin da mutane suka tashi wanke hannu. Banɗaki 2 a sashen mata shi ne mafi ƙaranci. A duba ko ƙofar mata daban take, ko mota za ta iya sauke tsohuwa a bakin ƙofa, da ko mai kawo abinci zai isa madafa ba tare da ya ratsa ta cikin mata ba.

Maganar da ba ni son a wuce ta da sauri ita ce kwamin wanka. Yawancin istirahohi suna da shi, kuma yara suna ganinsa hankalinsu ya tafi can. Iyaye na ciki suna gaisawa, kowace na zaton yaronta na wajen yayarsa. Yaro yana nutsewa ne shiru, babu ihu babu fantsama, cikin 'yan mintuna. Idan wurin yana da shinge da ƙofa a kulle shi da kwaɗo, makullin ya zauna a aljihun mutum ɗaya. Idan ba shi da shinge, ko dai a sa a kwashe ruwan, ko a nemi wani wuri. Cewa "za a sa ido" ba ta isa ba a daren da kowa ke da abin yi.

Yarjejeniya da mai wuri a rubuta ta: ƙarfe nawa za a karɓi makulli, ƙarfe nawa za a mayar, nawa ne arbun, wato kafin alƙalami, nawa ne kuɗin ajiya na ɓarna da yaushe za a dawo da shi, shara da wanke-wanke a kan wa suke. A ɗauki hoton kujeru da darduma da banɗaki kafin kowa ya shiga, don gardamar tabon da aka tarar ba ta ƙarewa. Kowane farashi da aka faɗa, na wuri ne ko na abinci, a tambaya ko harajin kashi 15 cikin 100 yana ciki. Mutane da yawa sai wajen biya suke ganin lissafinsu ya tashi.

Wa zai biya? A yanke wannan tun ana saura wata guda, a faɗe shi a fili. Tsarin da ya fi zama lafiya shi ne dangin ango su ɗauki wuri da nama, dangin amarya su ɗauki abincin gida da kayan sha, kuɗin sayayya kuma ya zauna hannun mutum ɗaya mai riƙe da takarda. A ganina duk abin da aka kashe a wannan dare bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin bikin ba.

Yanzu ga abinci, a kan misalin mutum 60: manya 48, yara 12. Yaro rabin babba ake lissafa shi, ke nan ciki 54. Masu matbak, wato gidajen girkin da ake ba oda, sukan lissafa rago matsakaici ɗaya da shinkafarsa ga mutum 15 zuwa 20. Idan mandi, wato shinkafa da gasasshen naman rago, kaɗai za a ci, rago 3. Idan akwai tuwo da masa da tsire a gefe, rago 2 da kaji 8 sun wadatar, har a rage. Cikin ire-iren raguna, harri da najdi da nu'aimi sun fi tsada, sawakni na Sudan ya fi sauƙi kuma yana da jiki, namansa yana karɓar mandi sosai idan ba tsoho ba ne. Wanda zai saya da kansa a kasuwar dabbobi ta Ka'akiyya ya duba haƙora, ya kai wa matbak da safiyar ranar, kuma ya tsaya a rubuta sunansa a kan naman. Wanda ba shi da lokaci ya bar wa matbak duka, amma ya faɗi irin ragon da nauyinsa, kada ya ce "rago 2" kawai ya juya.

Yadda za a zuba ya fi irin ragon muhimmanci. Mufaɗɗah, ragon da ake ɗorawa sukutum a kan babban faranti, yana da kwarjini, amma mutum 8 ne ke kewaye shi su ƙoshi su tashi, sauran su tarar da ƙashi da shinkafar da ta huce. A ce wa mai matbak ya raba kowane rago huɗu, faranti ɗaya na mutum 5 ko 6. Rago 2 sun ba da faranti 8, kaji su ba da 4, ke nan 12. A raba su tun a bakin mota bisa yawan kowane sashe, a manna takarda a kan na mata. Kuskuren da ake ta maimaitawa shi ne a kai komai sashen maza da niyyar a miƙa wa mata abin da ya rage. Mata sun fi yawa a irin wannan zama, yara ma wajensu suke ci, kuma su ne suka yini a tsaye. Nasu ya fara shiga.

Lokacin kawowa a faɗa wa matbak da ragin rabin awa, a kuma kira su da la'asar a tabbatar. Amma kada a wuce gona da iri a sa su kawo tun magariba. Shinkafar da aka rufe da takardar alminiyam tana riƙe zafinta kamar awa guda, bayan haka sai ta yi gumi ta dunƙule, kitsen rago ya daskare a kanta. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye ba a kan wuta ba kuma ba a firji ba yana iya ɓata ciki, a zafin Makka ma bai kai haka ba. Ba a son ango da waliyyi su kwana suna zarya.

Abincin gida shi ke sa baƙon da ya zo daga Najeriya ko Nijar ya saki jiki, shi kuma ke sa tsohuwar da ta shekara 40 a Shari' Mansur, wani titi a Makka, ta yi murmushi. Tuwon shinkafa kilo 3 ya isa, domin ba kowa zai ci ba, zai ba da malmala ƙanana kamar 30. Shinkafar Masar, gajeriyar nan mai danƙo, ita ce ke tuƙuwa. Basmati ba ta haɗe jikinta, kada a ɓata lokaci da ita. A naɗe kowace malmala a leda tun da zafinta a jera a kula. Miya lita 6, rabi kuka rabi taushe. Kuka kamar cokali 3 a kowace lita, a kaɗa ta da maburgi bayan an rage wuta, in ba haka ba ta yi gudaji. A dafa miyar a gida a kawo ta a rufe, don ƙanshin daddawa idan ya shiga rufaffen ɗaki mai na'urar sanyi yana kama labule da tufafi har gobe.

Masa ita ce mai cin lokaci, ita ce kuma ake rainawa a lissafi. Kilo 1 na shinkafa yana ba da kusan 40, don haka kilo 3 zai ba kowa bibbiyu. Tanda mai gida 7, kowane zubi minti 5 ko 6, masa 120 ta kusa cinye awa 2 ga mace ɗaya ba hutawa. A nemi tanda biyu da mata biyu, a fara da la'asar sakaliya. Ƙullu kuma a zafin nan ba ya kwana a waje kamar yadda ake yi a gida lokacin hunturu. Awa 4 zuwa 5 ya tashi, in aka bar shi ya zarce sai tsami ya yi yawa, masar ta riƙa shan mai tana kwanciya. A niƙa da hantsi, idan ya tashi a sa shi a firji har lokacin suya.

Tsire ba sai an yi wa mutanen Hijaz bayaninsa ba, sun san shi da sunan siriya, 'yan Sudan kuma agashe, don haka shi ne abincin da surukai na kowane ɓangare za su miƙa wa hannu ba tare da tambaya ba. Kilo 5 na naman sa marar ƙashi ya isa. A ba mai sana'ar oda kwana 2 kafin ranar, a karɓo shi daf da lokacin ci, yaji da albasa a ƙulle daban don kada ya jiƙe. A tuna akwai ƙuli-ƙuli a jikinsa. A tambayi iyaye ko akwai yaron da gyaɗa ba ta karɓe shi ba, wannan ba abin wasa ba ne.

Ruwa ƙananan robobi 3 ga kowane mutum, 180 ke nan, katan 5 na masu 40, a sa rabi a sanyi tun safe. Zoɓo kilo 1 busasshe yana ba da lita 20, a raba shi biyu, ɗaya da sukari ɗaya babu, saboda dattawa masu ciwon sukari ba za su faɗa ba, sai dai su sha don kunya. Kunun aya yana da daɗi amma ba ya jure zafi, 'yan awoyi kaɗan a waje ya juya, wanda ba shi da isasshen firji ya haƙura da shi. Dabino kilo 3, sukkari ko kalas. Alkaki da dubulan da cincin a zuba kaɗan a faranti, kada a taɓa na gara.

Gahawa ce ke buɗe zama a ƙasar nan, kuma surukan da aka haifa a nan suna lura da yadda aka ba da ita. Rabin kilo ya isa har da saura: kamar cokali 3 a lita, a tafasa minti 15 zuwa 20 a kan wuta kaɗan, a sa hel, ɗan kayan ƙamshin da Turawa ke kira cardamom, daga ƙarshe, a tace a zuba a dalla, wato butar gahawa. Mai zubawa yana tsaye, dalla a hagu, finjali a dama, ba ya cika shi, kashi ɗaya cikin uku kawai. Ya fara da babban baƙo ko mafi shekaru, sannan ya bi dama. Wanda ya ƙoshi yakan girgiza finjalin kafin ya miƙa. A gaya wa baƙin gida wannan tun a mota, in ba haka ba Alhaji zai ta miƙa finjali ana ƙara masa har ya rasa yadda zai yi. Samari 2 a sashen maza, 'yan mata 2 a na mata, sun isa ba sai an ɗauko masu zubawa na haya ba.

Tsarin dare ya rataya ne a kan isha'i. A kalandar Ummul Ƙura, wadda Saudiyya ke bi, ana kiranta awa ɗaya da rabi bayan magariba, ke nan wajen 8:30 da zafi, 7 da 'yan mintuna da sanyi. Bukukuwa a nan sun saba kai abinci sha biyun dare ko fiye, wannan daren kada a bi su. Rabin awa bayan sallah a fara gahawa da dabino. Bayan wani rabin awa a yi gabatarwa. Daga nan abinci, kada ya wuce 10. Wanda bai iso ba a ajiye masa nasa, kada a tsare dattawa 20 da yunwa saboda mota ɗaya.

Gabatarwa tana son mutum ɗaya a kowane sashe, wanda ya san dangin kuma yake jin Hausa da Larabci duka biyu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa daga 'ya'yanmu da aka haifa a nan Larabci ya fi zama a bakinsu, kawunsu na Zinder ko Katsina kuwa Larabcinsa na sallah ne. In ba a sa mai fassara ba, za ka ga ɗaki ya rabu biyu, kowane rukuni na hira da nasa. Mai gabatarwa ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, suna da dangantaka kawai: "Wannan shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyar amarya, jiya ya sauka. Wannan Baffa ne, yayan mahaifin ango, shi ne wakili gobe." Dattijo ɗaya daga kowane ɓangare ya yi magana minti 3, malam ya yi addu'a, shi ke nan. A gaya musu iyakar lokacin tun kafin ranar, cikin ladabi, domin idan aka buɗe ƙofar jawabi kowa yana da nasiha, shinkafa kuma ba ta jira. Amarya ta shigo sashen mata ta gaida iyaye, ta zauna kamar rabin awa, a mayar da ita gida ta kwanta.

A sashen mata a faɗi maganar hoto tun a bakin ƙofa. Wasu sun cire mayafi ne don sun amince da wurin, yarinya ɗaya mai waya tana iya jawo rigimar da za ta kai ga manya. Dokar ƙasar ma ta 2007 kan laifukan intanet ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya. A ware lungu ɗaya, mai son hoto ta je can.

Bayan an ɗauke ledar cin abinci an kawo shayi, sai masu aiki su koma gefe, minti 20 kacal, da takarda da biro. Nan ne dalilin taron yake. Waliyyi da wakili su zauna gaba da gaba, malam ya bi da su sigar nema da bayarwa da karɓa sau ɗaya, a ji cikakken sunan amarya da na ango daga bakinsu, kamar yadda yake a takardunsu. A faɗi sadaki nawa ne, an biya ko da saura, kuma a hannun wa yake kwana. A tabbatar da shaidu 2 da katin shaidarsu a aljihu, a sa na uku ko da wani zai makara. Takardun hukuma da gwajin jini, wanda Saudiyya ta wajabta wa 'yan ƙasa tun 2004 saboda sikila da makamantanta, abubuwa ne da ya kamata a ce an gama su makonni da suka wuce. Daren nan tambaya ɗaya ce a kansu: suna jakar wa? Duk wata magana mai nauyi da ba a warware ba, ta lefe ce ko ta gidan zama, kada a ɗauko ta a nan gaban surukai, a keɓe mutum biyu su kashe ta da safe.

Sannan motoci. A rubuta kowace mota da direbanta da sunayen waɗanda za ta ɗauka, da ƙarfe nawa za ta tashi daga ina. A fara da tsofaffi da baƙin da ke masauki, su ne ake mantawa a bakin otal suna jira da manyan kaya. Motar amarya, gwaggo ko inna wacce za ta zauna kusa da ita, makullin gidan amarya, wanda zai riga kowa zuwa ya kunna na'urar sanyi ya sa turare, wanda zai tsaya ƙofar zaure ya tari baƙi, wadda za ta riƙe jakar gwal da kuɗin da aka samu: kowanne a kira suna, mai sunan ya ce ya karɓa. Aikin da aka ce "samari za su yi" babu mai yinsa. A ɗauki hoton takardar a tura wa duk wanda sunansa ya fito, kuma lambar da za a kira gobe idan wani abu ya taso ta zama ta babban abokin ango da ta yayar amarya, ango da amarya a bar musu wayoyinsu su huta.

Da 11 ta yi sai a zagaya da turaren wuta. Larabawa suna cewa bayan turare babu zama, mutanen nan duk sun san ma'anarsa, don haka ba sai an ce wa kowa ya tashi ba. Baƙin gida kuma idan sun ga ana miƙewa za su miƙe. A riga an tanadi robobin zuba abinci kamar 30 da manyan ledojin shara 10. Abincin da hannu bai taɓa ba a zuba wa baƙin da ke otal da mai gadin wurin, in yana da yawa a kira ɗaya daga cikin ƙungiyoyin adana abinci, irin su Iɗ'am, amma su sai an sanar da su tun kafin ranar suke zuwa. Samari 4 su tsaya naɗe darduma da kwashe shara, mace ɗaya ta zagaya sashen mata da banɗakuna ta tattara abin da aka manta, zobe a bakin famfo, cajar waya, takalmin yaro ƙafa ɗaya. Dalla da kuloli da tandunan da aka aro a sa su a mota ɗaya, don gobe da hantsi za a neme su.